Saƙon Mabiyiya

Ƙarfe goma, ɗakin awon jini.
Fanka na juya zafin Sakkwato, ba ta rage shi.
An kawo mini kwalabe tara a kwando,
kowace da lamba, kowace da mace a bayanta
zaune bisa benci tana ƙidayar makonni.

Ta bakwai: Luba, daga Kware,
shekara arba'in da ɗaya, ciki mako sha biyu.
Ban gan ta ba. Jininta na gani.
Na sa shi a inji ya yi hajijiya har ya rabu,
ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama.

A ruwan nan mabiyiya ke rubutu.
Ita da ake binnewa bayan ɗaki ba a raɗa mata suna,
uwar tafiya, mai riƙon guzuri,
tun ɗa bai yi farce ba take aiko da saƙo
ta jinin uwa, awo bayan awo.
Sinadari biyu nake nema.
Wanda ya kamata ya tsaya mudu ɗaya
yau ya yi mudu biyu har da gyara.
Ɗan'uwansa ko rabi bai cika ba.

Na san wannan hannun.
Haka take rubutu in zaren halitta
ya zo arba'in da bakwai
inda ake jiran arba'in da shida,
guda ya raɓu da na ashirin da ɗaya
kamar baƙon da ya sauka babu ranar tashi.
Amma takan yi haka lafiya lau,
ko in an ɓata lissafin wata.
Mabiyiya ba alƙali ba ce, raɗa take yi.

Kwamfuta ta ce: ɗaya cikin talatin.
Na zauna ina kallon ɗayan.

Ɗayan yana gidanmu, a Mabera.
Modi sunansa, ni yake bi.
Lokacin cikinsa ba wanda ya ɗebi jinin Inna,
saƙon ya zo, ya wuce, ba mai karatu.
Ungozoma ta binne tasa gindin dogonyaro
ta ce yaro kamar kowa.
Sai da ya shekara uku ya taka ƙasa.
Zuciyarsa da 'yar ƙofa wadda ta ƙi rufuwa,
tari duk damina,
Inna ta sayar da tasoshinta, ta sayar da akuya,
dare nawa ta kwana zaune, ban ƙirga ba.

Yau shekararsa ashirin da shida.
Shi ke jera takalma a ƙofar masallacin layinmu,
ya san na kowa, bai taɓa haɗa na liman da na tela ba.
Atika ta yi masa nauyi a baki, Tika yake ce mini,
kuma babu mai kirana da daɗi kamar haka.

To wanne zan rubuta wa Luba,
akuyar ko takalman?
Takardar layi ɗaya gare ta, na lamba.

Na cika. Na sa hannu.
Sai na ɗauki fensir, a gefe, ƙanana,
na rubuta wa likita:
A zaunar da ita kafin a faɗa.
A ce mata akwai wani awon gaba, in tana so.
A ƙirga mata ashirin da taran da ƙarfi.
In ta tambayi ɗayan,
kada a sunkuyar da kai.

Aka ɗauke wuta.
Na leƙa na kira Ɗan'ige ya tada janareta,
jinin mata biyu na cikin firij
kuma rana ba ta san uzuri ba.

Da la'asar sakaliya na sauka daga kabu-kabu.
Yana bakin zaure, tun daga nesa yake dariya.
Ya karɓi takalmina,
ya kaɗe, ya daidaita kawunansu,
ya ajiye su suna kallon cikin gida.